Murhun da Gwaggo Hajo Ta Gina a Gidan Maitama

A gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga Gwaggo Hajo ta Gozaki, sarauniyar daddawa daga nan har Kafur, babbar kwamandar yaƙi da sauyin yanayi, wadda ba ta san an naɗa ta ba, da ta sani kuwa da mai naɗin ya sha muciya. Gajeruwa ce, da kaɗan ta ɗara taɓarya. Ba ta taɓa zama a aji ba, rediyo ma sai na maƙwabta take ji ta katanga. Amma idan ta riƙe mutum a zuci, gara masa ciwon haƙori, shi ana cirewa a huta.

Daddawa ta gada wurin uwarta, tare da tukunyar da kuma bishiyar ɗorawa. Wanda bai taɓa gani ba ya sani, daddawa itace take ci ba na wasa ba. Kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, taurin kai gare ta, sai an wuni ana tura mata wuta kafin ta yi laushi. Shi ya sa duk garin babu mai sayen itace a rumfar Alhaji Maitama kamar Hajo. Shi ne mai itace da gawayi a bakin tasha, mai tumbi da injin yankan bishiya. Idan ya hango ta tun daga nesa yake washe baki: "Yaya Hajo, uwar gida, a kai miki na yau?"

Wata shekara damina ta yi mana wasan yara, ta zo a makare, ta tafi masara na goyo. Sai ga wata ƙungiya da farar mota, da wata Malama Lilian, aka tara mata a filin firamare. Malama ta yi bayani har muryarta ta dushe: saran itatuwa ne ke korar ruwa, hayaƙi na ɗumama duniya, kowa ya sauya yadda yake girki. Ta raba murhun ƙarfe mai cin itace kaɗan.

Hajo ta ɗaga hannu. "'Yar nan, ni da tukunyata ɗaya, ni na ɓata sararin Allah? Masu jirgin sama kun je kun raba musu?"

Mata suka kwashe da dariya. Ta karɓi murhun dai, don kyauta ba a mayarwa. Kazarta ce ta more shi, a ciki ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe.

To ga inda zancen yake. Gonar mahaifin Hajo tana can hanyar Kafur, da tafiya. Da ya rasu 'yan'uwanta maza suka sayar wa Maitama. Amma a gaban mai unguwa aka faɗa, kamar yadda aka saba a ƙasar nan: an sayar da gona, ban da ɗorawa. Ƙasa ta mai saye ce, bishiya ta mai ita. Duk bazara Hajo kan je da ƙugiya ta kaɗo abinta, babu mai ce mata don me. A jikin bishiyar akwai wani tsohon ruwan fartanya mai guntun kunne, wanda babanta ya kafa don uwarta ta riƙa rataya goran ruwa. Shekaru suka sa bishiyar ta haɗiye rabinsa.

Bayan kaka Maitama ya shiga da injinsa ya kwantar da ita. Waɗanda suka gani suka yi gum, don babu mai son ya zama shi ya kai wa Hajo wannan labari. Itace ya bushe, aka faskara, aka loda a kura. Kuma don rashin ta-ido, ko don rashin tunani, Allah ne masani, gidan Hajo aka fara kai wa.

Har yabawa ta yi. Ta ce wannan itace akwai riƙe wuta. Da safe tana kwashe toka, hannunta ya ci karo da ƙarfe. Ta ɗago, ta busa, ta ga guntun kunnen nan. Ta daɗe a tsugune. Da bishiyar uwarta ta dafa kalwar jiya, kuma saye ta yi.

Ba ta yi kuka ba. Ta yafa mayafi ta nufi tasha da ƙarfen a hannu, ta ɗora masa a kan benci.

"Maitama, ka san wannan?"

Daga ranar kalmar "Alhaji" ta faɗi daga bakinta, har yau ba ta tashi ba.

Ya yi 'yan kame-kame, sannan ya dake. "Haba Yaya Hajo, inuwarta cinye mini masara take. Gonata ce fa. Bishiya ce kawai, in biya ki."

"Riƙe abinka, za ka buƙace shi," in ji ta. "Ni da itacenka har abada. Kuma sai na ga akuya na kwana a rumfar nan."

'Yan tasha suka yi dariya, Maitama ya fi kowa. Mai daddawa ta yi fushi da mai itace? Da me za ta dafa, da baƙin ciki?

Kusan da shi ɗin ta dafa. Ta kori kaza daga murhun Malama Lilian, ta juya shi sama da ƙasa tana nazari, ta ga dabarar ba ta wuce a killace wuta kada iska ta sace ta ba. Sai dai ya yi wa tukunyarta kaɗan. Ta kwaɓa laka ta gina nata. Na farko ya tsage rana ɗaya. Na biyu ya turnuƙe gidan da hayaƙi har maƙwabta suka shigo da bokitai. Kalwa ta fito rabi ɗanya, ta zubar, ga shi yanzu sayenta take yi a kasuwar Bakori tunda bishiya ta tafi. Maitama ya aiko mata da ɗaurin itace wai sadaka. Ta sa aka mayar masa har da igiyar.

Na uku ta haɗa da ƙasar suri da kashin jaki, ya zauna daram. Abin hurawa kuwa totuwar masara, wadda a ƙasarmu ake tarawa tsibi-tsibi bayan injin casa ya wuce, yara su yi jifa da ita, sauran a cinna mata wuta a gona. Totuwa saurin ci gare ta, dole mutum ya zauna bakin murhu yana turawa kamar mai ba jariri kunu. Hajo ta zauna. Fushi ne ya riƙe mata baya.

Da daddawar farko ta nuna, sai ta ɗauki kwandon laka ta shiga gida-gida. Ba ta karɓar ko sisi. Sharaɗinta ɗaya: wadda aka gina wa ta daina aike bakin tasha. Masu ƙosai, masu waina, masu awara, har Atu matar Bitrus mai tuwon sayarwa a bayan coci. Wata ta tambaye ta ko wannan ne abin da Malama ta ce zai dawo da damina. Hajo ta ce, "Damina ta Allah ce. Miƙo min ruwa."

Maitama ya daina dariya. Ya zagaya wurin masu injin casa zai saye totuwar gaba ɗaya, ya manta abin da ko yaron goye ya sani: totuwa ta matan da suka yi shiƙa ce, a cikin ladansu take. Matan nan kuwa duk Hajo ta taɓa laka a gidajensu. Ya koma rumfa ya zauna yana kallon itacensa gara na ci. Masu tsire da masu shayi ne suka rage masa, sai gidan burodi ɗaya a Malumfashi.

Sannan Hajo ta yi wanda ya fi ciwo. Barakatu, matar Maitama, ta gaji da hayaƙi na sa ta hawaye alhali maƙwabta na girki ido garau. Ranar kasuwa, yana fita, ta aika a kira Gwaggo. Hajo ta zo da sabon zane kamar mai zuwa suna. Ta gina murhun da ya fi kowanne kyau, ta shafe shi sumul, a bakinsa kuma, daidai inda ake tura totuwa, ta kafa ruwan fartanyar nan mai guntun kunne. Yanzu duk tuwon da Maitama zai ci, ta kan ƙarfen babanta wutarsa ke bi. Ya ce a rushe, Barakatu ta ce to ya shigo ya riƙa girkin da kansa. Murhu na nan.

Rannan Malama Lilian ta dawo, ta ga abin da ya faru, ta kusa yin rawa. Ta ce za a kai Gwaggo Katsina ta yi jawabi, a nuna ta a talabijin. Ni aka aika in sanar da ita, don ni ne marar aikin yi a unguwar. Na same ta a bakin murhu. Na gyara murya na ce, "Gwaggo, albishirinki! Duniya ta san da ke. An ce ke ce kika ceci itatuwan Gozaki, jikoki za su yi miki addu'a."

Ba ta ko ɗago ba. "Ka biyo ta tasha?"

"Na biyo."

"Akwai akuya a rumfar?"

"Tukuna dai, Gwaggo. Saura ɗan gawayi."

Ta tura totuwa ɗaya a wuta. "To matsa, ka tare min iska."