Yaya Sule, Sai Ta Maimaita

Duk wanda ya zauna da Yaya Sule ko na wuni ɗaya ne ya san maganar nan tasa: "Sai ta maimaita." Ka ce masa hadari ya haɗo, sai ta maimaita. Ka ce masa taki ya yi tsada, sai ta maimaita. Ni Asabe, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, na taɓa shiga gidansa a guje na ce masa kunama ta harbi jikata. Mutumin nan ya ɗago kai daga kan wayarsa ya buɗe baki. Na ce, "Wallahi Yaya ka faɗa, in daka wayar nan a turmi." Ya mayar da bakin ya rufe, amma ina kallon maganar tana motsi a maƙogwaronsa.

Ku da kuka san shi yana koyar da kimiyya a sakandare nan Birnin Gwari, kun san tun can ba cikakken mai jin magana ba ne. To ritaya ce ta ƙarasa shi. Sa'o'insa da suka ajiye alli, wannan ya kama noma, wancan ya buɗe ɗan shago. Mu ma muna da gonar gado a Gayam, tana can ciyawa ta cinye rabonsa. Shi Yaya farauta ya kama, kuma ba ta zomo ba, farautar duniyoyi.

Ga yadda ya bayyana mini, ba tare da na tambaya ba. Wai kowace tauraruwa da muke gani rana ce irin tamu, nisa ne ya mayar da ita ɗigo. Wai wasunsu suna da duniyoyi da ke zagaya su. Ba a iya hango duniyar, amma in ta gifta ta gaban tauraruwarta, hasken yakan ɗan ragu kaɗan, sannan ya dawo. Masana sun harba wata na'ura sama tana auna hasken nan, tana zana shi ɗige-ɗige a jere, su kuma su zuba a intanet don duk wanda ba shi da aikin yi ya taya su dubawa. Yaya kuwa ya amsa kira da gudu. Ya zauna gindin mangwaron ƙofar gidansa tun hantsi, waya a hanci, yana neman inda layin ɗige-ɗigen ya ɗan faɗa rami.

Na ce, "To in ka ga ramin, shi ke nan ka gano duniya?"

Ya ce, "Haba Asabe! Sau ɗaya ba shaida ba ne. Na'ura takan yi kuskure. Ita duniya zagaye take yi, dole ta dawo a kan lokacinta. Sai an gani, an sake gani, an ga na uku."

Na ce, "In ka gano ta, za a yanka maka fili a can?"

Ya ce ba a zuwa, nisan ya fi ƙarfin tafiya. Kun ji fa! Ga gona a Gayam da babur zai kai shi, ya ƙi zuwa.

Da ya tsaya a kan taurarinsa da sauƙi. Sai ya ɗauko dokar nan ya shigo da ita cikin gida. Wata shekara matarsa Hassu ta shanya kuɓewa a tsakar gida, akuyar maƙwabcinsu Dauda ta shigo ta ci rabin tabarma. Hassu ta ce, "Malam, ka yi wa Dauda magana ya ɗaure akuyarsa."

Ya ce, "Sai ta maimaita."

Washegari akuya ta maimaita. Hassu ta ɗauko muciya, ya riƙe mata hannu. Wai a bar ta, ya lura jiya ma da hantsi ta zo, yana so ya ga ko tana da ƙa'ida. Kashegari tun da sassafe ya ɗauko kujera ya zauna a bakin shanya, ya hana kowa wucewa ta zaure kada a ɓata mata lokaci. Rana na ɗagawa sai ga akuya ta shigo tana taku ɗai-ɗai, ta share sauran kuɓewar tas a gaban idonsa. Ya miƙe yana tafi.

"Hassu! Kin gani? Na faɗa miki da hantsi za ta zo!"

Hassu ta ce, "Na gani, Malam. Yau sai ka ci tuwonka da ƙa'ida."

Haka kuwa aka yi. Gaya ya ci, ko a jikinsa, yana ci yana yabon akuya.

Wannan duk wasa ne a kan abin da ya jawo mana lokacin da gari ya rikice. Kun tuna shekarun da sabis ɗin waya ya zama abin nema, mutum ya hau katanga, ya hau bishiya, yana ɗaga waya sama. Kowa yana neman sabis don ya ji lafiyar ɗan'uwansa da ke kan hanya. Yaya shi ɗige-ɗigensa yake nema. Wani ya faɗa masa akwai wani tudu a bayan gari, ta wajen da daji ya miƙe zuwa Kamuku, inda waya takan kama. Wurin da mai hankali ko itace ba ya zuwa yi! Tsoho ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Ina cikin tankaɗe Hassu ta faɗo gidana ko mayafin kirki babu, wai 'yan sintiri sun kama Malam. Kun san abin da ake zargin duk wanda aka gani da waya a bakin daji a kwanakin nan. Ba abin dariya ba ne, mutane sun rasa rayukansu a kan ƙasa da haka. Na zari gyale muka tafi, ina tafe ina addu'a ina zaginsa a zuci.

Muka tarar da shi zaune a kan benci, samari sun kewaye shi, ɗaya ya riƙe wayar yana nuna layin ɗige-ɗige.

"Baba, wannan ba hanyar daji ba ce? Wannan ramin fa, ba mashigar rafi ba ce? Wa kake aika wa?"

Yaya ya ce, "Madalla da tambaya. Wa ke da tocila? Kai kuma ba ni goron nan na aljihunka."

Ya sa aka kunna tocila da rana tsaka, ya dinga zagaya ta da goro, yana cewa su kanne ido su lura da haske. Wanda ya yi hamma ya tashe shi tsaye ya maimaita abin da aka ce. Aka kira la'asar bai gama ba. Allah ya taimake mu shugabansu ya iso, ashe tsohon ɗalibinsa ne. Ya dube shi, ya dube ni, ya ja ni gefe.

"Hajiya, don girman Allah ki tafi da shi. A aji ma haka ya yi mana."

A hanya na ce, "To Yaya, ka dai ji. An hana zuwa tudun nan."

Ya ce, "Sau ɗaya aka hana."

Ya koma, aka sake kamo shi. Ya sake komawa, aka kawo shi har gida a kan babur, an sa shi a tsakiya kamar buhun masara. Ya sauka ya kakkaɓe rigarsa, ya dube mu da fuskar nan tasa ta malamin makaranta, ya ce, "To, yanzu na tabbata an hana."

A wannan hawan tudun ne ya samo tauraruwarsa. Ba ta da suna, lamba ce kawai, shi ya sa mata Hajiya Babba. Ya ga raminta sau biyu, zurfinsu ɗaya, faɗinsu ɗaya. Saura na uku. Sai ita na'urar ta juya ta koma kallon wani ɓangaren sama, aka ce sai bayan lokaci mai tsawo za ta waiwayo. Yaya ya zauna jira. In kun gan shi yana gaida kowa da fara'a a shekarun nan, ba ku yake wa murna ba.

Nan ne kuma inda raina yake ɓaci har yau. Ya fara tuntuɓe da buta. Ya fara wuce mutum a gefensa bai gan shi ba. Muka matsa masa ya je asibiti, likita ya duba ya ce hawan jinin ido ne, irin wanda in ya cinye gani ba ya dawowa, lallai a kai shi Kaduna da wuri.

Ya ce, "Likita ɗaya ba shaida ba ne."

Na ce, "Yaya, ido ne fa! Ba kuɓewa ba ce!"

Aka samu likita na biyu da ƙyar, ya faɗi abin da na farko ya faɗa. Yaya ya ce saura ɗaya. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da limamin unguwa, na ɗauke ƙafa daga gidansa har Hassu ta zo bikona. Daga baya ita ta faɗa mini gaskiyar abin. Tsoro yake ji. Ya ce in aka taɓa idon aka samu matsala, da me zai ga Hajiya Babba in ta dawo? Gara ya lallaɓa ɗan ganin da ya rage har ranar. Malamin kimiyya guda! Ya ɓoye tsoronsa a bayan dokar taurari, mu kuma muna ta gardama da dokar.

Tauraruwa ba ta yi sauri ba, ciwon kuwa bai jira ta ba. Ranar da sabon awon ya fito, da azahar ya aiko a kira ni. Na same shi gindin mangwaro, ya kai wayar hanci, ya janye, ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Babu. Ya miƙo mini ita ta inda yake zaton nake tsaye, ni kuwa ina ɗaya gefen.

"Asabe, zauna. Sa yatsa daga hagu, ki bi layin."

Na ce, "Wane layi? Ni gero na ga an zubar."

"Bi geron."

Na bi, ina huci. Na ce, "Ka ba da ido biyu a kan wannan, Yaya. Tir!"

"Na ji. Bi dai."

Ina cikin bi sai geron ya gangara. Na ce, "Ya faɗa rami."

Ya matso kusa. Sannan ya ce, "Mai zurfi?"

"Ɗan kaɗan. Kamar sawun kofato."

"Ya sake hawa?"

"Ya hau, ya miƙe abinsa."

Ni kaina har na fara tunanin in yi masa barka. Sai mutumin nan ya gyara zama ya ce, "To amma ke kaɗai kika gani."

Wallahi ba don girman furfura ba, da wayar nan ta ga turmi a ranar. Dole aka kira Hassu daga madafa, ta goge hannu ta bi gero da yatsa, ta ce akwai rami. Aka leƙa ta katanga aka kira Dauda mai akuya, ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Malam, rami kam ga shi nan." Sannan Yaya ya yarda. Ya koya mini inda zan danna a aika wa masanan, na danna.

Ya jingina da bishiya ya ce, "Tana can, Asabe. Tana zagayenta."

Na ce, "Ga shi kai ba ka gan ta ba."

Ya ce, "Da ma ba a ganinta. Wucewarta kawai ake gani."

Su kuma masanan, amsar da suka aiko ita ce suna kan bincike, wai mai yiwuwa duniya ce, mai yiwuwa kuma wata ƙaramar tauraruwa ce ke giftawa, sai sun ƙara dubawa. Da na karanta masa ya yi dariya har da tari, ya ce mutanen kirki ne. Na ce ai danginka ne, ku je can ku ƙarata. Har yau ba su ce e ba, ba su ce a'a ba.

Bayan kaka zazzaɓi ya kwantar da shi, ba wani mai zafi ba, har na kai masa kunu ya ce gishiri ya yi yawa, alhali ko ƙwaya ban sa ba. Da safe ina shara sai ga sallamar Dauda a ƙofar gida. Na fito na gan shi riƙe da hularsa a hannu.

Ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Malam ya rasu."

Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba. Na ce, "Sai ta maimaita."

Dauda ya dube ni. Shekara da shekaru suna katanga ɗaya da Yaya, ya gane. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam ya rasu, Hajiya." Na ci gaba da kallonsa, tsintsiya tana hannuna. Sannan ya faɗa na uku. A nan na zauna a ƙasa.

Allah ya jiƙan Yaya Sule, ya yafe masa taurin kansa, ya yafe masa ɓacin ran da ya sa mu. Allah ya mayar masa da ganinsa, ya cika kabarinsa da haske, irin wanda babu abin da zai gifta ta gabansa. Amin.