Kwana Biyun Inna

Ni fa ban roƙi kowa ya koya min sobiya ba, ɗora min aka yi. Shekararmu ta uku ke nan a Makka, Malam yana karatunsa na fiƙihu, ni kuma ina gida a unguwar Misfala, a hawa na biyu na wani tsohon bene. A ƙasa mai gidan take zaune, tsohuwar da kowa yake kira Inna. A nan aka haife ta, kakanta ne ya zo aikin hajji da ƙafa bai koma ba. Hausarta tana nan daram, sai dai a gauraye take da Larabci, kuma idan ta faɗi magana sau ɗaya ta gama.

Sobiya ita ce kunun zakin mutanen Makka. Sha'ir ake jiƙawa da busasshen burodi da kayan ƙamshi, a tace, a sa sukari da ƙanƙara. Tun rasuwar mijinta, duk azumi Inna take yin ta, ta ƙulla a leda, ta zauna a bakin ƙofa gab da magariba tana miƙa wa masu shara da masu wucewa Harami a ƙafa. Sadakar mijinta ce, kuma ba ta taɓa tsallake rana ɗaya ba. To a shekarar nan sai ɓarin jikinta ya shanye, hannun da take matse matacin da shi ya daina ɗaguwa. 'Yarta da ke aure a Jidda ta ce a sayo ta kanti a raba. Inna ta ce mijinta bai taɓa shan ta kanti ba yana raye, ba za a aika masa da ita yana kabari ba. Shi ne ta sa aka kira ni, ranar ɗaya ga Sha'aban.

"Ke za ki yi," ta ce. Ba tambaya ba ce.

"Inna, ni ko ganin yadda ake yi ban taɓa yi ba."

"Ba kina dama koko ba? Kalas. Ki ɓarza sha'ir, ki gutsuttsura burodi, ki sa kirfa da hel, ƙwayar ƙamshin nan ta gahawa, ki zuba ruwa ya sha kansu. Ki rufe, ki bar shi ya kwana biyu. Yalla."

Na hau sama na yi komai yadda ta ce. Na rufe bokitin, na bar shi ya kwana biyu, wato kamar yadda duk wanda ya tashi a Kano zai bar abu ya kwana biyu. Ranar da ya cika kwana biyu na leƙa, na ga ruwa ne kawai fari-fari, ƙamshin ma sama-sama, na ce wannan ai bai fara ba tukun. Sai a rana ta biyar na buɗe da shirin tacewa.

Wayyo Allah! Murfin ya kumbura, kumfa ta taso har baki, abin yana ta ɓul-ɓul kamar an ɗora shi a wuta. Warin kuwa ya bi ɗakuna. Malam ya fito da littafi a hannu, ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago a hankali.

"Wannan kuma mene ne?"

"Sobiyar Inna ce, Malam."

"A Makka? A gidan ɗalibin fiƙihu? Zubar da shi yanzu, ki wanke bokitin."

Na ji kunya, na kuma ji haushi, don yadda ya kalle ni sai ka ce da gangan na kafa masana'antar giya. Kafin in zubar na ɗiba kaɗan a kofi na kai wa Inna. Ba ta ko kai bakinta ba, hanci ya ishe ta.

"Da wane ruwa?"

"Na famfo."

"La'ila! Ruwan tanki? Ki sa na sha. Kin bar shi ya kwana biyu?"

"Na bar shi, Inna."

Jiƙo na biyu na yi da ruwan sha. Kwana biyar, na buɗe, ɓul-ɓul. Inna ta ce bokitin ne, roba tana riƙe tsami, in ɗauki tukunyarta. Na ɗauko tukunyar, na wanke ta sau uku, na shanya ta a rana. Na kuma yi kuskuren faɗa wa matan unguwa halin da nake ciki, sai kowa ta zama gwana. Wata ta ce burodin zamani ne, yis ya yi masa yawa, in nemo na gargajiya a unguwar Jarwal. Wata ta ce zafin gari ne, in kai tukunyar ɗakin da ke da na'urar sanyi. Wata ta ce in jefa dabino uku. Wata kuma, Allah ya shirye ta, ta kalli hannuwana ta ce akwai masu hannun tsami, duk abin da suka taɓa sai ya yi tsami, haihuwarsu aka yi da shi. Wannan matar ko shayi ba ta iya dafawa ba.

Duk na bi. Na je har Jarwal cikin rana na samo burodin. Tukunya ta koma ɗakin karatun Malam, ta zauna kusa da littattafansa, shi yana karatu yana hararar ta. Kada a ce ba ni da hankali: na yi tunanin kwanakin ne suka yi yawa, ai na san gasara. Na sauka na tambaya.

"Inna, ko in rage kwanakin?"

Ta zaro min ido. "Ki rage? Ko awa ɗaya kar ki rage! Kwana biyu na ce miki. Ku yaran yanzu komai gaggawa."

To me zan ce? Mai abu ta hana. Jiƙo na uku ya tafi magudana, na huɗu ya bi shi, duk da na saci jiki na rage zuwa kwana huɗu. Malam ya daina faɗa, sai dai duk lokacin da ya ji na nufi tukunyar ya ce, "A zubar ko a ɗanɗana a zubar?" Wallahi akwai ranar da na tsaya a kan magudanar ina kuka, ba don sha'ir ɗin ba. Kullum na wuce ƙofar Inna sai in ga ledojin da ta sa aka sayo tun farkon wata, a jere kusa da gadonta, tana jiran abin da za a zuba a ciki. Azumi yana ta matsowa, ni kuma abin da na ƙware a kai shi ne abin da ba ya halatta a sha.

Saura kwana ɗaya a fara duban wata, 'yar Inna ta zo daga Jidda za ta tafi da ita asibiti a duba ta. Ita Hausarta ba ta da ƙarfi, kalma-kalma take tsinta. Ta tarar da ni tsaye da kofin jiƙo na biyar, Inna tana yi min tambayoyin da na haddace. 'Yar ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta tambaye ni yaushe na jiƙa.

"Ranar Asabar."

"Sabt? Yau ai Laraba!"

Inna ta juyo da kanta a hankali.

"Asabar kika jiƙa?"

"Eh, Inna. Kin ce ya kwana biyu."

Ta ɗaga hannunta mai lafiya, ta miƙe yatsu biyu. "Yaumain! Ɗaya, biyu! Ke a garinku ba a ƙirga ne?"

Nan fa raina ya ɓaci, na manta da girma. "Haba Inna! A garinmu idan aka ce kwana biyu ai ba biyu ake nufi ba! Mutum ya yi wata uku ba a gan shi ba, a ce masa kwana biyu. A ce wane ya kwana biyu a duniya, yana da shekara tamanin. Da kin ce kwana biyu cif, ko kwana biyu rak, da wa zai sha wannan wahalar? Wata guda ina zubar da sha'ir, an ce min mai hannun tsami!"

"To ku me ya sa za ku ce biyu alhali biyar kuke nufi?"

'Yarta ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Inna ma gefen bakinta mai motsi ya ɗan ɗaga, amma ba ta yarda ta yi dariyar ba. Ta ce in hau yanzu-yanzu in jiƙa, babu sauran lokacin gwaji, wannan shi ne na sadakar. Na hau ina ƙunƙuni na jiƙa, na sauko na tarar ana sa ta a mota. Ta kira ni bakin taga.

"Ki tace da farin ƙyalle, kar ki matse da ƙarfi. Sukari a ƙarshe. Ki ajiye min kofi ɗaya, ni zan faɗa miki ko ta yi. Kwana biyu zan yi in dawo."

"Naki ko namu?"

"Ke dai tafi."

Aka ga wata, ranar Juma'a aka tashi da azumi. Bayan azahar na buɗe tukunyar. Babu kumfa, babu ɓul-ɓul, sai ƙamshin kirfa da wani ɗan tsami mai laushi can ƙasa. Malam ya sunkuya ya shinshina ya daɗe, sannan ya ce wannan kam ba shi da ta cewa. Na tace, na sa sukari da ƙanƙara, na ƙulla a ledojin Inna. Gab da magariba na zauna a kujerarta a bakin ƙofa. Wani dattijo cikin masu shara ya karɓa, ya tambaye ni ina tsohuwar, na ce tana hanya, yau za ta dawo. Da gaske nake, don na riga na san yadda take ƙirga.

Kofinta na sa a firji. Ba ta zo ranar ba. Washegari Malam ya sha shi da sahur, na cika sabo. Haka na yi ta yi, ina jiƙawa duk kwana biyu cif, ina rabawa, ina canza kofin, ina jin haushin ta a raina: ta koya min ƙirga da tsawa, ita kuma ta kasa cika nata. Ranar sha ɗaya ga azumi 'yarta ta kira da hantsi, da Hausarta ta tsince-tsince, ta ce Inna ta cika.

Da yamma na fita da ledojin, don an riga an tace, kuma masu shara suna jira. Har muka bar Makka ban tsallake azumi ɗaya ba, sai dai na koma niyyar mutum biyu, ita da mijinta. Mutane suna cewa sobiyata ta yi, amma ba su ne aka ce za su faɗa min ba. Shekara uku na zauna da matar nan, duk kwana biyun da ta faɗa biyu ne rak. Sau ɗaya tak ta yi min irin na Kano, kuma har yau haushin bai sake ni ba.