Kabarin Fada Mai Jaki

Mun tashi da asuba daga unguwar Cheetham Hill a Manchester, ni da 'yata da mijinta, ruwa na ta yayyafi. A aljihun kwat ɗina akwai kyandir guda ɗaya da aka sa wa albarka a cocin ƙauyenmu. Mahaifiyata ce ta bar mini wasiyya kafin ta rasu: duk ranar da na taka ƙasar Ingila, in nemi kabarin Fada Mai Jaki in kunna masa.

Shi wannan Fada, Bature ne limamin coci, a zamanin kakana ya zo ƙasarmu. A kan jaki yake zaga ƙauyuka, ƙafafunsa na jan ƙasa saboda tsawo. Shi ya mayar da addu'o'i da waƙoƙin coci zuwa Hausa, waɗanda har gobe muke rerawa, bai sa sunansa a kan ko ɗaya ba. Da zazzaɓi ya ci ƙarfinsa aka mai da shi gida. Abin da tsofaffinmu suka riƙe shi ne a Birmingham ya cika.

Motar haya muka shiga, don surukina ya ce kuɗin jirgin ƙasa yanzu sai ministoci. Hanya sumul, amma shayin da aka sayar mana a wurin hutawa ko a Agadez ban sha mai tsada da rashin daɗi irinsa ba. Na yi Faransa, na yi Italiya, ban taɓa ganin masu arziki suna tsuke bakin aljihu kamar Ingila ta wannan lokaci ba. Ɗakin karatun unguwa a rufe, gidan wasan yara a rufe. Duk abin da na tambaya, 'yata sai ta ce, "Baba, council, wato ƙaramar hukuma, ba su da kuɗi."

A unguwar Sparkhill ta Birmingham wani ɗalibi Bakano, abokin surukina, ya tarbe mu. Ya kai mu gidan abincin Pakistanawa, aka kawo gurasa mai faɗin faifai da miyar rago. Da ya ji abin da ya kawo ni, ya ce ai ziyarar kabarin malami ba baƙon abu ba ne a wurinsu, shi zai kai mu da motarsa.

Mun fara zuwa tsohon gidan 'yan mishan, can wajen Balsall Heath. An sayar da shi, an yanka shi flat-flat, ƙananan gidajen haya. Wani maƙwabci ya ce littattafan da ke ciki an loda su a kwalaye an yi gaba da su, bai san ina ba. Na tuna ɗakunan karatu na Rum, inda na ga rubuce-rubucen limaman da suka mutu shekaru aru-aru jere a kan kanta, ba mai buɗe su, amma dai kowane da sunan mai shi a goshi.

A maƙabarta muka sami wata dattijuwa Baturiya tana cire ciyawa, aikin sa kai, tun da aka sallami masu kula da wurin. Ta nuna mana sashen limamai: duwatsu farare iri ɗaya, layi-layi, kowane da suna da shekaru kawai. Ba a rubuta ƙasar da mutum ya yi aiki ba. Sannan ta tambaye ni sunan wanda nake nema.

Ashe ban san sunan ba. A wurinmu ba a kiran sunan babba. Kakana bai kira ba, mahaifiyata ba ta kira ba, ni kuwa ban taɓa jin sa ba. Da na fassara mata laƙabin, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ga fuskata ta daina. Ta ce akwai wani tsohon Fada da ya san tarihin kowane kabari a ka, amma sanyin bara ya tafi da shi.

'Yata ta matso ta ce, "Baba, ka zaɓi wanda shekarunsa suka yi daidai mana, wa zai sani?"

Na ce, "Ni zan sani."

Na bi layukan ina karanta sunaye, na Ingilishi da na Irish. Wataƙila na wuce shi, wataƙila ma na dafa dutsensa. Daga ƙarshe na kafa kyandir a tsakiyar hanyar da ta raba layukan. Bakanon nan ya kare iska da hularsa har wutar ta kama. Muka rera waƙar da ake yi a jana'izarmu, da Hausar da shi Fada ya tsara, ga dukansu baki ɗaya.

Mun koma Manchester da yamma. Na zaga duniya, na iya harsuna, amma sunan mutumin da ya sa addu'a a bakin gidanmu ya fi ƙarfina. Girmamawar da muka yi masa ita ta ɓatar mana da shi. Da muka isa gida na tara jikokina, na faɗa musu cikakken sunan kakana da na mahaifiyata, bakina na nauyi, na sa suka maimaita.