Jakar Irin Kawu Sale

Ƙarfe shida na safe muka hallara a tashar Tsanyawa: ni, da manoman ƙungiyarmu, da jagoran da aka ɗauko ya kai mu yawon buɗe ido, da marigayi Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata. Kun dai san shi. Ko gaishe shi ka yi, sai ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Shekarar fari ce, har an fara daka irin shuka ana ci. Kawu bai yarda da rumbu ba, bai yarda da 'ya'yansa ba. Ya ɗura irin geronsa a jakar fata, ya ɗaure ƙarƙashin riga, ya shigo mota tamkar mai tsohon ciki.

Ya ce, "Tafiya kyauta a bana? Ku dai ƙirga kanku in mun dawo."

Zangonmu na farko, kogon dutse a Birnin Kudu. Jagora ya nuna mana zanen shanu, ya ce tun kafin kakannin kakanninmu aka yi shi. Kawu ya shinshina dutsen.

"Yaro, ina shanun?"

"Baba, ai sun mutu tuntuni."

"Haka kowa ke gaya wa mai jangali!"

Na biyu, gandun daji. Giwaye suka gifta, kowace kamar rumbu. Muna salati, Kawu na tsaki.

"Wa ke ciyar da su?"

"Ciyawa suke ci, Baba."

"Ciyawa! Wallahi ga inda masarar agajinmu ta shige."

Na uku, muna cin abinci sai ga ƙaton gwaggon biri. Ya wuce ƙosai, ya wuce rogo, ya cafki jakar Kawu. Kai jama'a! Biri na ja, Kawu na ja, hula ta faɗi, riga ta yage, Kawu na ihu, "Wa ya aiko ka?" Jagora ya ɗaga sanda, biri ya arce. Kawu ya harari jagoran. "Da ganinka ya saki. Ashe kun san juna."

Mun yi dariya har gida. Amma da ruwa ya sauka, rabin unguwa ba iri. Kawu ya zauna a ƙofar gida, ya kwance jakar, yana ɗiba wa kowa tafi guda, yana gunaguni, "Na san ci za ka yi." Ranar bai tambayi kowa wanda ya aiko shi ba.

Geron da ke gonakinku yau daga jakar nan ya fito. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya kai shi inda ba abin zargi. Ina roƙonku, in an dama furar sabon gero bana, ku yi masa Ƙulhuwallahu kafin ku kai ludayi baki.