Rawanin da Ya Koma Gammo

Idan ka bi hanyar da ta fita Maiduguri ta gabas, kafin ka kai ƙofar da ake binciken motoci, za ka ga wani dogon mutum siriri a gindin dalbejiya, ya jera ƙulle-ƙullen itace a gabansa. Sunansa Ajimi. Masu saye suna ce masa Baba Mai Itace, sunan kuwa ciwo yake masa, domin a duk itacen nan babu ko tsinke ɗaya da ya saro da hannunsa. Matarsa Yagana ce ke shiga daji. Nasa faskare ne, da ɗauri, da zaman jira.

A ƙauyensu na ƙasar Marte ba haka yake ba. Manomin masakwa ne na gani na faɗa, irin dawar nan da ake dasawa idan ruwa ya janye daga baƙar laka. Yana da jakuna uku, yana kuma da baki. Kai, Ajimi akwai cika baki! Duk majalisar da ya zauna sai ya sako zancen cewa matarsa ba ta san nauyin gammo ba: ruwa jaki ke ɗaukowa, itace jaki, ko buhun niƙa jaki. Shekarar da masakwa ta yi kyau ya sayi farin rawani, ya riƙa naɗawa ranar Juma'a, alhali shi ba malami ba, ba mai sarauta ba. Abokansa suka laƙaba masa Bulaman Jakuna, wato mai garin jakuna. Maimakon ya ji haushi, sai ya ƙara wa naɗin tsawo.

Ranar da mutanen daji suka shigo ƙauyen da bindigogi, babu wanda ya tsaya kwance jaki. Yagana tana da tsohon ciki, don haka Ajimi ne ya goya 'yarsu Rumaisa'u, mai shekara huɗu, ya ɗaure ta a bayansa da rawanin nan. Kwana huɗu suna tafiya a ƙasa. Cikin duk abin da ya mallaka, rawanin kaɗai ya shigo Maiduguri.

Garin ya karɓi Yagana tun kafin ya kalli Ajimi. Mace tana iya yin sallama a kowane gida, a ce ta shigo, a ba ta wanki ko surfe, a haɗa mata da sauran tuwo da tsohuwar lafaya. Cikin 'yan watanni Hausa ta zauna a bakinta. Namiji kuwa, baƙo, daga inda ake harbe-harbe, tambaya ɗaya ce ke jiransa ko'ina: wa ya san ka? Ya je Kasuwar Kwastam neman dako, aka ce ya kawo wanda zai tsaya masa. Ya je Gamboru neman gadi, aka maimaita masa. Ban ga laifinsu ba, tsoro ya cika gari a lokacin. Sai dai duk waɗanda suka san Ajimi, wasu suna ƙarƙashin ƙasa, wasu sun tsallaka Nijar. Da masu agaji suka zo rabon kati, sunan Yagana suka rubuta, yatsarta suka dangwala. Ranar rabo takan shiga layi, shi kuma ya tsaya bayan waya da sauran maza, suna jiran a miƙo buhu su saɓa.

Daga baya agajin ya ɗauke. Wankin ma ya yi wuya, domin matan da ke nema sun fi gidajen yawa. Abin da ya rage shi ne itace, itacen kuwa yana bayan rami, wato babban ramin da aka haƙa ya kewaye gari don tsaro. Maza ne suka fara fita. Wata rana maƙwabcinsu Ba'ana ya tafi tare da mutum huɗu, kowa da baro. Bayan kwana biyu aka samo barorin a jere, da itacensu a ɗaure. Mutanen daji, in suka ga namiji, ɗan leƙen asiri suke ɗaukarsa.

Bayan sadakar ukun su Ba'ana, Ajimi ya ɗauko gatari yana wasawa. Yagana ta zo ta zauna kusa da shi.

"Baban Rumaisa'u, ajiye. In kai ka fita, gawa za a kawo mana, in ma an samu. In ni na fita, zan dawo."

"Ki dawo yaya?" in ji shi.

"Zan dawo dai."

Washegari ta duba ɗaki kaf ba ta sami tsumman da za ta yi gammo ba. Ajimi ya buɗe jakarsa ya ciro rawanin, ya naɗe shi a hannu, zagaye bisa zagaye, ya cusa bakin ciki, ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba. Tun daga ranar, shekara shida ke nan, shi ke naɗa mata gammo kowace safiya. Ya ƙware ƙwarai, har matan unguwa na cewa gammon Yagana ba ya zamewa. Rawanin ya daɗe da daina zama fari.

Abu ɗaya ya riƙe, shi ne sauran abin da ya rage masa na cika baki: Rumaisa'u ba za ta tsallaka ramin nan ba, yana raye. Yarinyar ta girma a gari, tana zuwa makaranta, Hausarta ta fi Barbarcinta, ƙawayenta ma ba su san daga ƙauye take ba. Idan ta wuce da safe da littattafanta, Ajimi yakan bi ta da kallo har ta sha kwana. Yakan ce wa ransa, ko ba komai mutum ɗaya a gidansa ta shiga garin nan da ƙafar dama.

Akwai ranar da Yagana ta dawo tun kafin azahar, babu itace, babu gatari, lafayarta a yage, gammon kaɗai ta ƙanƙame a ƙirji. Ta shige ɗaki, kwana uku ba ta fito ba. Ajimi ya ɗora mata ruwan zafi, ya dafa wa yara abinci, bai tambaye ta komai ba. Har yau bai tambaya ba. Wasu za su ce ragwanta ce. Ni dai tausayinsa nake ji, domin ko ta faɗa masa, ina zai kai maganar? A rana ta huɗu ta fito ta ari gatari, shi kuma ya naɗa gammo. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ai ya fi wutar zafi.

Bana, bayan ƙaramar salla, matan suka ji harbi suka watse da gudu, wani kututture ya huda wa Yagana tafin ƙafa. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, ko bayi sai an riƙe ta. Itacen gindin dalbejiya ya ƙare a kwana biyu. A kwana na biyar garin masara ya ƙare, ƙannen Rumaisa'u biyu, Harun da Umair, suka daina fita wasa, suka kwanta a tabarma suna kallon rufi. Maƙwabta sun taimaka sau ɗaya, sau biyu, su ma abin da ke tukunyarsu bai kai ya kawo ba.

Da gari ya waye, Ajimi ya naɗa gammo kamar kullum, amma wannan karon ya saɓa gatari da igiya ya fita. Yagana na kiransa daga ɗaki, bai juya ba. Ya isa bakin rami ya tarar da mata kusan talatin suna jiran a buɗe hanya. Jagorarsu wata gajeriyar mata ce 'yar Gwoza, Maman Gift, wadda ita ma gudu ya kawo ta, mijinta kuma makaniki ne da ya koma rainon jikoki. Tana ganinsa ta tare shi da gaisuwar Barbarci.

"Wushe, Ba Ajimi. Yaya ƙafar Yagana? Ina zuwa haka da gatari?"

"Tare za mu fita yau, Maman Gift."

Ta girgiza kai. "A'a, Baba. Ba za ka bi mu ba."

"Raina ne. Na yarda da abin da zai same ni."

"Ba ranka kaɗai ba ne. Su sun saba ganin mu mata zalla. In suka hango namiji a cikinmu, za su ce mun kawo musu ɗan rahoto. Kai su yanka ka, mu kuma hanyar ta rufe, ko su haɗa da mu. Dubi matan nan, kowace akwai bakuna a bayanta. Don Allah ka koma."

Ya ce zai bi wata hanya shi kaɗai. Ta ce daji ɗaya ne, duk inda aka gan shi su za su biya. Ya dubi sauran matan ko wata za ta sa baki. Sun san shi, wasu ma shi ke yi musu faskare kyauta. Duk suka sunkuyar da kai. Mutumin da ya yi kwana huɗu a daji da goyo a baya ya tsaya a nan, gatari a kafaɗa, ya rasa gaba ya rasa baya.

"Baba."

Ya waiwaya. Rumaisa'u ce, sanye da tsohuwar lafayar uwarta da silifas ɗin makaranta. Ashe tun daga gida take biye da shi. Ta miƙo hannu biyu ta zare igiyar daga kafaɗarsa, sannan gatarin. Ya buɗe baki zai ce ta koma, sai ya tuna Harun da Umair a kan tabarma, ya fasa.

Maman Gift ta ce a hankali, "Zan sa ta a tsakiya. Ba zan bari ta yi nisa da ni ba." Ba ta ce babu abin da zai faru ba, shi ma bai nemi ta faɗa ba.

Aka buɗe hanya, matan suka fara wucewa. Ajimi ya ɗora wa 'yarsa gammon don ya gwada, sai ya zurma mata har goshi, domin da kan uwarta ya saba aunawa. Ya karɓa ya warware rawanin gaba ɗaya, ya sake naɗa shi ƙarami.