Mai Igiyar Layi na Uku

A cikin dukan Hausawan da ke zaune a Qatar, daga masu neman digiri na uku har direbobin kasuwar Abu Hamour, babu wanda ya san dusar ƙanƙara kamar Ɗalhatu Bello. Ya san ta da safe, ya san ta da yamma, yana taka ta sau ɗaya ya faɗa maka yadda za ta wuni. Dusar da ya sani ɗin tana hawa na biyu ne a wani babban kanti da ke gefen Al Rayyan, tsakanin shagon takalma da wurin soyayyar kaza, kuma daga bututu take fitowa.

Mutumin Funtuwa ne. Shekara shida da suka wuce wani kamfanin tsaro ya kawo shi Doha. Ya zo da shirin tsayuwa a rana, har da malafa a jakarsa. Ranar farko aka miƙa masa rigar sanyi mai kaurin katifa, da safar hannu, da wata jar igiya. Tun daga ranar, mutane na gudun zafi a waje, shi kuwa yana ciki yana hura wa yatsunsa iska.

Zauren da dusar take yana da gangara uku. Layi na ɗaya na yara ne. Na biyu na iyayen da suka ce sun zo raka yara ne. Na uku shi ne dogon, wanda ake ɗaura alluna biyu a ƙafa a sulalo tun daga kusa da rufi. A samansa Ɗalhatu yake tsayawa. In layin a buɗe yake, sai ya naɗe igiyar ya riƙa sakin mutane ɗaya bayan ɗaya. In a rufe yake, sai ya ja ta daga ƙarfe zuwa ƙarfe ya tsaya a gabanta.

Kowace shekara a ƙarshen Agusta ana kashe injuna don gyara, a kwashe tsohuwar ƙanƙara a fara zuba sabuwa. Ɗalhatu yana kiran wannan lokaci farkon damina. Layi na ɗaya da na biyu suna buɗewa da wuri, amma na uku sai ya jira makonni, domin a ƙarƙashin 'yar dusar da ta fara kwanciya akwai roba da bututai. A makonnin nan ne ake sanin amfaninsa. Akwai wanda zai zo ya ce shi a Switzerland ya koya, wannan ɗan tudu ba komai ba ne a wurinsa. Akwai wadda mijinta ya san mai kantin. Ɗalhatu yana sauraron kowa har ƙarshe, da ladabi, sannan ya ce, "Mamnu'." Wato an hana. Ita ce kalmar Larabci da ya fi iyawa, kuma ta ishe shi. A shekara shida ba wanda ya taɓa ƙetare igiyarsa. Kamfani ya ba shi takardar yabo a kan haka, tana rataye a kan gadonsa a ɗakin da yake zaune da mutum biyar a Madinat Khalifa.

Injiniyan wurin yana da na'urarsa ta awo. Ɗalhatu kuma yana da muciya. Daga gida ya zo da ita don tuƙa tuwo, sai ya ga ta fi amfani a wurin aiki. Ya yi mata zane uku da wuƙa. In ya soka ta dusar ta tsaya a zanen farko, kunu ke nan. Zane na biyu fate. Sai ta kai na uku yake cewa tuwo ya yi, a iya hawa. Ba wanda ya taɓa neman ra'ayin muciyar a hukumance, amma kowace safiya yana auna wa kansa.

Abin da bai taɓa yi ba shi ne zamiyar kanta. Bana ne maganar ta taso, mako guda kafin ya tafi hutu gida, a waya da matarsa Sakinatu.

"Baban Rahma, matar Alhaji Nababa ta ce wai gadin firji kake yi a can."

"Ai ba ta yi nisa da gaskiya ba."

"Ni dai na ce mata zamiya kake yi irin ta talabijin. A gaban mata takwas na faɗa, ranar sunan gidan Suraj."

"Wa ya aike ki?"

"Kai ka ce kullum kana saman gangara. Wanda yake sama ai dole ya sauko."

"Ta matakala nake saukowa, Sakina."

"To wannan kada in ji ka faɗa wa kowa. Kuma kada ka sauka Kano babu bidiyo."

Jirginsa ranar Juma'a ne da safe. Farkon damina ne kuma, layi na uku a rufe. Ya auna ranar Lahadi, fate. Ya auna ranar Talata, fate mai kauri. Ranar Alhamis, ranarsa ta ƙarshe a bakin aiki, ya soka muciya sau uku a wurare uku, saura faɗin yatsa ɗaya ta kai zanen tuwo.

Sai ya leƙa ɗakin injin wurin Aruna, mutumin zangon Kumasi, wanda aikinsa shi ne kula da bututan.

"Aruna, don Allah ƙara wa abin nan wuta."

"Malam Funtuwa, inji ba ya jin don Allah. Je ka yi a layin yara. Ni zan kwanta a ƙasa in ɗauka, ya fito kamar babban dutse."

"Akwai hoton agwagwa a bangon."

"Sai ka ce agwagwar Turai ce."

"Matar Alhaji Nababa ba za ta yarda ba. Ba ka san ta ba."

"To ga layi can, ga allo can, mai gadin kuma kai ne. Wa zai kama ka?"

Wannan ita ce matsalar, kuma Ɗalhatu ya daɗe tsaye yana kallon ta. A gefe guda ga Sakinatu da maganar da ta yi a gaban mata takwas. A ɗaya gefen ga shekara shida da takardar da ke kan gadonsa. Ya san dokar kamfani: wanda ya bar mutum ya shiga rufaffen layi, a karɓe masa wurin a kai shi gadin wurin ajiye motoci, a rana. Dokar ba ta yi bayanin abin da za a yi ba in mai gadin ne da kansa ya shiga, amma bai ga alamar za ta fi sauƙi ba.

Ƙarfe goma sha biyu saura, lokacin da mutane ke raguwa a zauren kafin azahar, ya cire katin aikinsa ya ajiye a kan kujera. Bai tsallake igiyar ba, bai kuma bi ta ƙarƙashinta ba. Kwance ta ya yi, ya wuce, ya juyo ya ɗaure ta a bayansa, domin layin a rufe yake. Aruna ya ɗaura masa allunan, ya sauka ƙasa da waya a hannu.

"Yalla, mu je, maigida! Durƙusa kaɗan, kamar mai tsinkar tumatir!"

Tafiyar daƙiƙa goma sha huɗu ce. A shida na farko ya yi kyau ƙwarai, har ya ɗaga hannu. Daga nan ya fara salati da ƙarfi, bai tsaya ba sai da ya isa ƙasa a zaune, allo ɗaya a ƙafarsa, ɗayan ya riga shi isowa. Aruna ya yanke bidiyon daidai inda ya kamata ya tura Funtuwa. Kafin Ɗalhatu ya gama kakkaɓe wandonsa amsa ta dawo, muryar Sakinatu tana guɗa, sannan ta ce a sake turo mata wani marar sauti, domin ana jin salatin.

Ya hau matakala, ya mayar da katinsa, ya ɗauko takardar rahoto. Aruna ya ce khalas, an gama, ba wanda ya gani, ya bar maganar. Ɗalhatu ya ce shi ya gani. Ya rubuta: mutum ɗaya ya shiga layi na uku yana rufe. Sunan wanda ya shiga, Ɗalhatu Bello. Sunan mai gadin da ke bakin aiki, Ɗalhatu Bello. Bayan ya yi azahar ya kai wa mudir, shugaban zauren, a ofishinsa, ya tsaya da hannuwa a baya.

Mudir ya karanta sau biyu. Ya cire tabarau.

"Wane layi ne a rufe?"

"Na uku, ranka ya daɗe."

"Wa ya rufe shi?"

"Tun gyara ba a buɗe ba."

Mudir ya ɗaga waya ya kira shugaban masu gadi. Shugaban ya zo da gudu, ya saurara, ya laluba rigar sanyinsa, ya zaro wata takarda a ninke huɗu. Injiniya ya sa hannu an buɗe layi na uku tun ranar Talata da safe, amma takardar ba ta bar aljihun shugaban ba. Daga lokacin zuwa azahar ɗin Alhamis, Ɗalhatu ya mayar da mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya daga bakin igiyarsa.