Layin da Musaddiƙ Ya Goge

Musaddiƙ na Taloka mutum ne da ba ya son ganin abu a karkace. Ko takalman masallaci ya tarar a warwatse sai ya jera su, har mai su ya fito ya rasa nasa. Da ya gama karatun kwamfuta a Sakkwato ya dawo gida, ƙungiyar manoman albasa ta ɗauke shi ya rubuta manhajar da ke raba ranakun ban ruwa, kowace gona da lambarta. Shekara uku ba a ji kan kowa ba. Da wannan aikin yake ciyar da matarsa Raihana da 'ya'ya biyu, da shi kuma yake ɗaga kafaɗa a kasuwa.

Sai ranar da ya ɗora kwamfutarsa a kan injin ban ruwa don ya gyara zaman hularsa. Injin ya girgiza, kwamfuta ta faɗa magudanar ruwa, rubutun manhajar duk ya tafi. Ga shi an ƙara gonaki tara, shugaban ƙungiya Alhaji Lauwali kuma ya ce in sabon jadawali bai fito ba kafin Juma'a, za a koma kiran suna da baki, a sallami mai kwamfuta.

Abu ɗaya ya rage masa a filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Kwamfuta ba ta cin rubutu ɗanye, sai an farfasa mata shi ya zama kamar bishiya: in kaza ne a bi wannan reshe, in ba haka ba a bi wancan. Wannan bishiyar ce ta tsira. Musaddiƙ ya ari kwamfutar surukinsa, ya rubuta wata 'yar manhaja da ke bin rassan ɗaya bayan ɗaya tana mayar da su rubutun da mutum zai iya karantawa. Da rubutun ya fito a jere tsaf, har ya fi na asali kyau, sai da ya yi ƙwalla don daɗi.

Amma bishiya ba ta ajiye bayanan da marubuci ke sa wa kansa a gefe. Umarni ya dawo, dalilinsa bai dawo ba. Ya tarar da wani layi da ke cewa kada gona ta 14 da ta 31 su sha ruwa rana ɗaya. Ya duba taswira, magudanarsu ɗaya, babu abin da zai hana. Layin ya tsone masa ido, ya goge shi.

Ranar Asabar masu gonakin nan biyu, Malam Ɗahiru da ƙanensa Ƙasimu, suka haɗu a bakin mashigar ruwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba sa ga maciji saboda wani jaki da tuni ya mutu. Babu wanda zai fara cewa uffan, babu wanda zai matsa. Suka tsaya ƙiƙam, kowa da fartanya a kafaɗa yana kallon sama, ruwa kuwa ya ɓalle ya cika gonakin biyu har albasa ta nutse.

Alhaji Lauwali ya iso da Musaddiƙ a bayan babur, yana huci.

"Ni nac ce maka ka raba su tun farko! Mi kay yi?"

"Baba, na ga layin ba ya da dalili..."

Ƙasimu ya juyo. "Mu ne ba mu da dalili?" Ya tuɓe hularsa ya miƙa gefe ba tare da ya duba ba. "Yaya, riƙe min, in gwada ma wanga yaro dalili."

Ɗahiru ya karɓa. "Bari ni in fara, ni ab babba."

Musaddiƙ ya riga ya saddaƙar aiki ya tafi, ga duka na zuwa. Sai ya ga Alhaji Lauwali ya saki baki yana kallon hular nan a hannun Ɗahiru.

"Limamai ukku sun kasa sa su magana da juna," in ji Alhaji a hankali. Ya juya ga Musaddiƙ. "Kai, ruga da gudu. Gobe ka taho aiki."